Garin da Ya Biya Kuɗin Haskensa: Nazarin Kashe Fitilun Titi da Tsakar Dare a Ingila

Garin da yadda aka tsara shi

Garin da wannan nazari ya shafa, wato Harlow, yana yammacin gundumar Essex a ƙasar Ingila, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba a jirgin ƙasa daga tsakiyar Landan, kuma ƙidayar 2011 ta same shi da mutane kimanin 82,000. Yana cikin sababbin garuruwan da gwamnatin Birtaniya ta zana a takarda bayan Yaƙin Duniya na Biyu. An ayyana shi a 1947 domin a rage wa Landan jama'ar da ruwan bama-bamai da cunkoso suka bari ba su da muhallin kirki. Masu zanen sun raba shi unguwa-unguwa, kowace da kantunanta da makarantarta, suka bar filayen ciyawa da itatuwa a tsakaninsu, sannan suka ware hanyoyin ƙafa da na keke daga titin mota, ta yadda hanyoyin ke bi ta bayan gidaje, su ratsa fili, su kurɗa ta ƙarƙashin babban titi. Da rana wannan tsari yana kare yaro daga mota. Da dare kuwa mai tafiya a ƙasa yakan yi nisa da hasken motoci da na shaguna, ba abin da ke haska masa hanya sai fitilar hukuma.

Masu fita da dare a garin ba 'yan kaɗan ba ne. Akwai babban asibiti da ke aiki dare da rana, akwai masana'antu da rumbunan ajiyar kaya masu aikin karɓa-karɓa, ga kuma filin jirgin sama na Stansted a kusa, inda jiragen farko ke tashi wajen ƙarfe 6 na safe, ma'aikatansa kuwa sai sun bar gida tun gari bai waye ba. Akwai kuma masu aiki a Landan da ke dawowa a jirgin ƙasa na ƙarshe. A watan Disamba rana kan faɗi a wannan yanki kafin ƙarfe 4 na yamma, ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8 na safe.

Mulkin yankin hawa biyu ne, kusan kamar jiha da ƙaramar hukuma. Majalisar gundumar Essex, mai hedkwata a Chelmsford, ita ke da tituna da mafi yawan fitilun da ke kansu, ita kuma ke biyan kuɗin wutarsu. Majalisar garin tana kula da shara, gidajen haya na hukuma, wuraren shaƙatawa da izinin gini. Dukansu biyu suna cin rabo daga harajin gidaje da kowane magidanci ke biya, amma kason gunduma ya ninka na gari sau da yawa. A shekarun da ake magana a kai jam'iyyar Conservative ce ke riƙe da gunduma, majalisar garin kuwa ta koma hannun Labour a 2012. Dokar tituna ta 1980 ta ba hukumar titi ikon sa fitila, ba ta wajabta mata ba, don haka babu mazaunin da zai je kotu ya ce an tauye masa haƙƙin haske. Abin da doka ta ɗora wa majalisu, a dokar laifuffuka ta 1998, shi ne su duba yadda duk shawarar da suka yanke za ta shafi aikata laifi a yankinsu.

2007 zuwa 2013: gwaji da shimfiɗa

A wancan lokaci gundumar Essex tana da fitilun titi kusan 127,000, kuma a Birtaniya fitila ɗaya kan ci wuta awa 4,000 da 'yan kai a shekara. Idan aka kashe ta daga ƙarfe 12 na dare zuwa 5 na asuba, an zaftare kusan kashi 40 cikin 100 na waɗannan awoyi, a daidai lokacin da tituna suka fi zama fayau. Wannan lissafi ne ya sa gundumar ta fara gwaji a 2007 a yankuna biyu, Maldon da Uttlesford, waɗanda galibinsu ƙauyuka ne da ƙananan garuruwan kasuwa. Hujjar da aka bayar biyu ce: rage kuɗin wuta da rage hayaƙin da ke ɗumama duniya. Bayan shekaru ana gwajin, gundumar ta ce ba ta ga ƙaruwar laifi ko haɗarin mota da za a jingina wa duhun ba.

A 2010 gwamnatin haɗin gwiwa ta David Cameron ta shigo da manufar tsuke bakin aljihu, aka riƙa rage kuɗin da gwamnatin tsakiya ke tura wa majalisu shekara bayan shekara, alhali ɗawainiyar kula da tsofaffi da yara marasa galihu, wadda doka ta wajabta, tana ta hauhawa. Duk abin da doka ba ta wajabta ba sai ya zama wurin da almakashi ke fara sauka, fitilar titi kuwa tana cikinsu. Gundumomi da dama a Ingila da Wales sun bi wannan hanya a tsakanin waɗannan shekaru.

Essex ta zuba jari a wata na'urar sarrafawa ta kamfanin Telensa, inda ake maƙala wa kowace fitila ɗan akwatin rediyo da ke magana da kwamfuta a ofis, ta yadda za a iya kunna ko kashe fitila guda, ko layi guda, ko gari sukutum, ba tare da ma'aikaci ya hau tsani ba. Wannan na'ura tana da muhimmanci a labarin, domin ita ta sa kashewar ta yi sauƙi, ita kuma ta sa mayar da hasken ya zama abin da ba ya bukatar komai sai amincewa da kuɗi.

An tsara cewa kusan kashi 70 cikin 100 na fitilun za su riƙa mutuwa daga ƙarfe 12 zuwa 5, ana sa ran tanadin kusan fam miliyan 1 a shekara. Sauran za su kwana a kunne bisa wasu sharuɗɗa da aka rubuta: shataletale da manyan mahaɗun hanya, wuraren da tun asali an sa fitila ne saboda yawan haɗari, tsakiyar gari inda ake da kyamarorin tsaro ko tasha ko gidajen rawa, lunguna da hanyoyin ƙafa na keɓe da ke haɗa layukan gidaje, da duk inda 'yan sanda suka nuna cewa duhu zai ƙara laifi. An kuma ba 'yan sanda damar neman a kunna wani yanki nan take idan wani abu ya taso. Daga watan Satumba 2013 aka fara faɗaɗa shirin yanki bayan yanki, Braintree da Chelmsford a sahun gaba.

Farkon 2014: duhu ya iso garin

A watannin farko na 2014 layi ya zo kan garin. Tsakiyarsa da manyan shataletalensa sun ci gaba da haske, amma layukan gidaje, inda mutane ke kwana su ajiye motocinsu, sun shiga duhu da zarar sha biyu ta buga. Majalisar garin ta nuna rashin amincewarta tun kafin a fara, sai dai fitilun ba nata ba ne.

Koke-koken da suka biyo baya iri ɗaya ne da waɗanda aka ji a sauran sassan gundumar, amma tsarin garin ya ƙara musu ƙarfi. Ma'aikatan jinya da na filin jirgi da na rumbunan kaya sun ce suna fita ko dawowa a daidai awoyin da aka zaɓa. Mata da tsofaffi sun yi maganar fargaba. Wasu sun yi maganar abin da bai kai laifi ba amma yana raunata mutum, kamar tuntuɓe da bakin kwalta, ko matakalar da ba a gani, ko ƙanƙarar da ke kwanciya a hanya da hunturu. Masu motoci sun danganta duk fasa gilashi ko yaga fenti da aka wayi gari da shi da rashin fitila. Wani abin da ya ƙara rikita lamarin shi ne cewa sharaɗin lunguna ya bar wasu hanyoyin ƙafa a kunne, alhali layin da suke ɓullewa a kansa a kashe yake, sai mai tafiya ya fito daga haske ya faɗa duhu idonsa bai saba ba.

2014: abin da aka gwada bai ɗauke matsalar ba

Hanya ta farko ita ce roƙon a keɓe titi. Mazauna da kansiloli sun riƙa miƙa sunayen layuka suna neman a sa su cikin waɗanda ke kwana da haske. Wannan ya yi aiki ne kawai inda layin ya dace da ɗaya daga cikin rubutattun sharuɗɗan, kuma babu sharaɗin da ya ce yawan masu aikin dare a unguwa, ko tsoron da mazauna ke ji, ya isa hujja. Wanda ya zo da maganar tsoro sai a tambaye shi alƙaluman laifi.

Hanya ta biyu ita ce takardun koke da ƙudurorin majalisa, ana neman gunduma ta soke shirin baki ɗaya. Amsar gundumar ba ta sauya ba: alƙaluman 'yan sanda ba su nuna laifi ya ƙaru saboda kashe fitilu ba, kuma duk fam ɗin da aka mayar wa fitila sai an cire shi daga wani aikin.

Hanya ta uku ita ce gardama da hujjar bincike, a nan kuwa kowane ɓangare yana da abin riƙewa. Masu son haske suna da bitar da masana biyu, Brandon Welsh da David Farrington, suka yi a 2008 kan bincike 13 daga Birtaniya da Amurka, wadda ta nuna laifi ya ragu da kusan kashi 21 cikin 100 a wuraren da aka inganta fitilu. Sai dai a cikin bitar akwai abin da ba a cika ambata ba: laifin rana ya ragu kamar yadda na dare ya ragu, abin da ya sa marubutan suka karkata ga cewa sabuwar fitila tana aiki ne ta hanyar nuna wa unguwa an damu da ita, mazauna su ƙara sa ido, fiye da yadda take aiki ta hanyar haska fuskar ɓarawo. Ƙari a kan haka, bitar ta auna ƙara haske ne a wuraren da ke fama da laifi, ba rage shi na 'yan awoyi a layukan da ke barci ba. A ɓangaren haɗari kuma, ƙungiyar masu motoci ta AA ta riƙa tattara shari'o'in binciken musabbabin mutuwa da aka ambaci kashe fitila a cikinsu, ciki har da na wani ɗalibi da tasi ta buge a gundumar Warwickshire a Disamba 2012, jim kaɗan bayan an fara irin wannan shiri a can, inda jami'in binciken ya ce rashin haske ya taimaka wajen mutuwar.

Alƙaluman garin kansa ba su iya raba gardamar ba, kuma dalilin na lissafi ne. Laifukan da ake yi a kan titi tsakanin sha biyun dare da biyar na asuba a gari mai mutum 82,000 ba su da yawa a wata guda, don haka ƙungiyar ɓarayi ɗaya da ta shigo ta yi mako biyu tana iya ɗaga adadin sama, kama mutum ɗaya kuma ya sauko da shi. Fasa gida ko mota galibi da safe ake ganinsa, mai kai rahoto bai san ko ƙarfe 11 aka yi ko ƙarfe 3 ba. Duk wanda ya zaɓi watannin da suka yi masa daɗi zai samu adadin da ke goyon bayansa.

Fabrairu zuwa Maris 2015: tayin kuɗi da ƙarin awa ɗaya

A kasafin kuɗinta na Fabrairu 2015 majalisar garin ta sauya salo. Ta ƙara kashi 1.5 cikin 100 a kan nata kason na harajin gidaje, ta ce za ta miƙa kuɗin ga gunduma domin a bar fitilun garin a kunne har safe. Ƙarin bai kai kashi 2 cikin 100 ba, iyakar da idan aka kai ta a wancan lokaci doka ke tilasta a yi ƙuri'ar raba gardama. Gundumar ba ta karɓi tayin nan take ba, aka shafe watanni ana kai-komo, domin karɓarsa na nufin manufar da aka tsara wa gunduma ɗaya za ta zama kowane yanki da irin tasa.

A ƙarshen Maris 2015 gundumar ta yi nata sassaucin. Ta mayar da lokacin kashewa daga ƙarfe 12 zuwa ƙarfe 1 na dare a kwana shida na mako, ta bar daren Lahadi wayewar Litinin a kan sha biyu. Wannan ya zo ne makonni kaɗan kafin babban zaɓen 7 ga Mayu. Awa ɗayan ta rufe masu dawowa daga mashaya da gidan abinci da akasarin fasinjojin jirgin ƙasa na dare, waɗanda su ne mafi yawan masu tafiya bayan sha biyu, a kan asarar kusan kashi ɗaya cikin biyar na awoyin da ake tanadi. Ba ta taɓa mai fita aiki ƙarfe 3 ko 4 na asuba ba, kuma majalisar garin ba ta janye tayinta ba.

Yuli 2015: binciken da ya duba ƙasa baki ɗaya

Ana cikin wannan ja-in-ja aka wallafa bincike mafi girma da aka yi kan batun a Birtaniya. Masana daga Makarantar Nazarin Tsafta da Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan, tare da takwarorinsu na University College London, sun karɓi bayanan fitilu daga majalisu 62 na Ingila da Wales, suka haɗa su da bayanan haɗarin mota na 2000 zuwa 2013 da na laifuffuka na 2010 zuwa 2013. Sun duba hanyoyi huɗu na rage kuɗin wuta: kashe fitila dindindin, kashe ta wani ɓangare na dare, rage ƙarfin haskenta, da sauya ƙwai zuwa farin haske. A haɗarin mota sun kwatanta na dare da na rana a titi guda kafin sauyi da bayansa, domin a cire tasirin abubuwan da ba su shafi fitila ba. Ba su samu shaidar cewa ɗaya daga cikin huɗun ta ƙara haɗari da dare ba, ba su kuma samu shaidar cewa kashewa ta ƙara laifi a jimlace ba, kodayake sakamakon ya bambanta sosai daga yankin 'yan sanda zuwa wani.

Marubutan sun ja kunne cewa majalisu ba da ka suka zaɓi titunan da suka kashe ba. Sun bar wurare masu haɗari a kunne, don haka sakamakon yana magana ne a kan kashewar da aka yi bayan tantancewa. Wani reshe na binciken, wanda ya tattauna da mazauna ya kuma yi musu tambayoyi gida-gida, ya gano cewa mutane da yawa ba su ma lura an sauya fitilun layinsu ba, amma waɗanda ke layukan da aka kashe sun fi cewa ba sa jin aminci idan suna tafiya su kaɗai da dare. Ya kuma gano wata damuwa da ta wuce tsoron ɓarawo: mutane na ɗaukar duhun alamar cewa ƙasa na komawa baya, hukuma kuma ta janye hannunta daga gare su ba tare da ta tambaye su ba.

Gundumar ta samu abin da ke ƙarfafa matsayinta. Garin bai sauya nasa ba.

Oktoba 2015: an mayar da hasken

A ƙarshe ɓangarorin biyu sun daidaita. Majalisar garin za ta riƙa biyan gunduma abin da ya ɗan haura fam 100,000 a shekara, kuɗin wutar awoyin da aka ƙara, gunduma kuma ta ci gaba da mallakar fitilun da gyaransu. A ranar 25 ga Oktoba 2015, daren da ake mayar da agogo baya da awa ɗaya don shiga lokacin hunturu, fitilun garin suka kwana a kunne, shi ne kuma yanki na farko a Essex da ya yi haka. Idan aka raba kuɗin a kan yawan jama'a, bai kai fam ɗaya da rabi a kan kowane mutum a shekara ba. Ba a ja waya ko kafa turke ba. Umarni aka sauya a kwamfuta.

Bayan 2015

Abubuwa uku sun faru da suka shafi yadda za a karanta lamarin. Na farko fasaha ce. Fitilun LED, waɗanda ke cin ƙasa da rabin wutar tsofaffin ƙwayaye masu jan haske, kuma ana iya rage ƙarfinsu a tsakar dare maimakon a kashe, sun yi araha. Gundumar Kent, maƙwabciyar Essex a ƙetaren kogin Thames, wadda ita ma ta kashe fitilunta da tsakar dare, ta yanke shawara a 2016 cewa za ta koma haske har safe yayin da take sauya fitilu kusan 118,000 zuwa LED. Essex ta fara da sauya fitilun da ke kwana a kunne, sannan daga 2021 ta shiga sauya sauran kusan 82,000, amma ta riƙe manufar kashewa. Duk lokacin da aka sauya ƙwai, kuɗin da ake tanadi ta hanyar duhu yana ƙara ƙanƙancewa, haka ma kuɗin da gari zai biya don ya fanshi haskensa. Majalisar Basildon, wani gari a Essex, ta bi sahun Harlow wajen biyan kuɗin haskenta a 2019.

Na biyu shi ne sababbin bincike. A 2016 an yi gwaji a rukunin gidajen gwamnati na birnin New York, inda aka jefa ƙuri'a wajen zaɓar waɗanda za a kai wa manyan fitilu masu ƙarfi, aka samu manyan laifukan da ake yi a waje da dare sun ragu da kusan kashi 36 cikin 100. A 2022 kuma masana suka wallafa nazarin titi-titi na yankin Thames Valley a Ingila, wanda ya nuna satar kaya daga cikin mota da dare ta ragu kusan rabi a titunan da ake kashe wa fitila, amma ta ƙaru a titunan kusa da aka bari da haske. Bayanin da aka bayar shi ne cewa ɓarawon mota yana bukatar ya leƙa ya ga abin da ke kan kujera, idan kuma ya kunna tocila a layi mai duhu ya tona wa kansa asiri.

Na uku shi ne kisan wata matashiya da wani ɗan sanda ya sace a kudancin Landan a Maris 2021. Lamarin ba shi da alaƙa da kashe fitila, amma ya tayar da muhawarar amincin mata a titi a ƙasar baki ɗaya, gwamnati ta ninka asusun inganta tsaron tituna zuwa fam miliyan 45 don fitilu da kyamarori, aka kuma sake taso da koke-koke a gundumomin da ke kashe fitila.

Hukunci

A batun laifi da haɗari, hujjar da ake da ita ta fi karkata ga gundumar. Kashe fitila na awa huɗu ko biyar a layukan gidaje, bayan an keɓe mahaɗu da tsakiyar gari, bai haifar da annobar laifin da aka yi hasashe ba, kuma kuskure ne a ce garin ya mayar da haske ne ya kori ɓarayi. Gwajin New York bai rushe wannan ba, domin an yi shi ne a wurare masu cunkoso da yawan laifi inda jama'a ke waje har dare, aka kuma kai musu haske mai tsananin ƙarfi. Haka nan ba daidai ba ne a ɗauki sakamakon Ingila a shafa wa kowane birni, tunda ya fito ne daga tituna masu kyakkyawar kwalta da alamomi masu ƙyalli, da gidajen da ke da wutar kansu, da 'yan sandan da za su iya sa a kunna unguwa cikin mintoci.

Inda gundumar ta gaza shi ne a abin da ta zaɓa ta auna. Rajistar 'yan sanda tana ɗaukar laifin da aka yi aka kai ƙara. Ba ta da gurbin ma'aikaciyar jinya da ta koma biyan tasi a tafiyar da da ƙafa take yi, ko wanda ya ƙi karɓar aikin asuba, ko dattijuwar da ta daina leƙa ƙofa idan ta ji motsi. Idan mutane suka daina fita saboda duhu, adadin waɗanda ake tarewa a hanya zai iya tsayawa yadda yake ko ma ya ragu, takarda ta nuna lafiya lau, alhali wani ya biya kuɗin wannan lafiyar daga aljihunsa. Tanadin ya bazu a kan masu biyan haraji na gunduma duka, nauyin kuwa ya taru a kan 'yan tsirarun da ke tafiya a ƙasa da tsakar dare, waɗanda galibi su ne masu ƙaramin albashi da ba su da mota. Gwajin 2007 ma an yi shi ne a yankunan karkara, aka ɗauki sakamakonsa aka ɗora wa garin da aka gina a kan hanyoyin ƙafa da ke nesa da titi.

Roƙon keɓe layuka da takardun koke sun faɗi ne saboda suna neman gunduma ta amsa cewa duhu na kawo laifi, abin da alƙaluma ba su ba ta dalilin amsawa ba. Tayin kuɗi ya yi nasara saboda ya kauce wa wannan tambaya gaba ɗaya. Bai bukaci kowa ya janye maganarsa ba, gunduma ba ta yi asarar ko fam ɗaya ba, kuma majalisar da ta fi kusa da masu koken ita ta ɗauki alhakin ƙara musu haraji ta tsaya a gabansu ranar zaɓe. Ƙanƙantar kuɗin da kasancewar na'urar sarrafawa sun sa babu wani uzurin aiki da ya rage.

Maganin yana da nasa aibin. Mazauna garin suna biyan gunduma harajin da a da ya haɗa da hasken dare, sannan suna sake biya ta hannun majalisar gari, kuma an buɗe ƙofar da kowace gunduma za ta iya janye hidimar da doka ba ta wajabta ba ta jira na ƙasa da ita ya saya. Haske ya koma abin da ya dogara da ƙarfin asusun majalisar gari da ra'ayin waɗanda ke riƙe da ita, ta yadda ma'aikata biyu da ke aikin asuba ɗaya a Stansted, ɗaya zai fito daga gida fitila na ci, ɗayan da ke zaune a yankin da majalisarsa ba ta biya ba ya fito da tocilar wayarsa.